Wayar Kawu da Awakin Taubashinsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu wata ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, bayan gajeriyar jinya. Ina makaranta aka kira ni. Kafin motar Gezawa ta cika ta tashi, kafin na sami babur zuwa ƙauyenmu, har an kai shi an dawo.

Na tarar da gidan a cike, maza a ƙofar gida, mata a tsakar gida har bakin rijiya. Kowa da abin da ya riƙe na mamacin. Wata tsohuwa ta ce rediyonta sau uku yana mutuwa Kawu yana tayar da shi. Wata ta ce bawan Allah nan bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai na ga mahaifiyata ta sunkuyar da kai, don ita ta san ba haka ba ne. A ƙarƙashin duk wannan magana kuwa akwai wani ɗan sauti da ke fitowa daga bayan gida, ƙas, ƙas, ƙas, ba ya sauri ba ya tsayawa. Mu 'yan gida mun daɗe da daina jin sa. Baƙi ne ke ta waige-waige.

Washegari wata gwaggonmu ta zo daga birni. Don ta yanke hanya sai ta biyo ta bayan gida, gefen lambu. Ƙaya ta soke ta, ta dafa wayar da ke kewaye da lambun don ta cire takalmi. Salatin da ta saki har maza sun ji a waje. Ta shigo tana yarfa hannu.

"Wuta ce! Mutum ya mutu ya bar wa jama'a wuta a bayan gida?"

'Yan mata suka cusa fuska a mayafi. Daga cikin ɗaki, Inna, matar Kawu, wadda ta fara takaba ke nan, ta ce a hankali, "Sannu, Hajiya. Ai gidan yana da ƙofa."

A ranar Yaya, babban ɗan Kawu, wanda ke tuƙin mota a birni, ya ce da an yi addu'ar uku zai kwance wayar. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. A cikin wayar nan akwai zogalen da Inna ke sayarwa duk rani, akwai rogo, akwai 'yan mangwaron da Kawu ya yi wa aure, ba su ko kai ƙugu ba. Da an gama kwashe amfanin gona mai unguwa zai sa a yi shela a saki dabbobi, kamar yadda ake yi kowace shekara. Inna kuwa tana takaba, ba za ta zauna a bayan gida da sanda tana korar awaki ba. In aka cire wayar, lambun ba zai ga wata mai zuwa ba.

Na ji tsoron kada abin da za a riƙa tunawa da Kawu ya zama ihun gwaggo kaɗai. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Mai gyaran rediyo ne. Yana da benci a gindin wata darbejiya a kasuwar ƙauyenmu, da gwangwanayen tumatir cike da ƙananan kusoshi. Da rediyo ya ja baya sai ya koma tocila, daga nan wayar hannu, daga nan sola. Bai taɓa cewa zamani ya lalace ba. Cewa yake, "Wutar dai ita ce, riga take sakewa." Ƙaramin batir da harshe yake gwada shi. Ba ya yarda a zubar da komai. In ka ɗauki mataccen abu za ka jefar, sai ya ce, "Ajiye. Bai gama mutuwa ba."

Ni ba mai magana ba ce, tun ina ƙarama. In aka yi baƙi ɗaki nake shigewa da littafi. Kawu ne kaɗai bai taɓa ce min na saki jiki ba. Da na sami shiga jami'a karatun kimiyyar lantarki, sai ya sa min suna Malama, kuma duk hutun da na zo yana da tambayoyin da ya tara min.

A wani hutu na same shi da magana a baki. Wani saurayi ya nuna masa bidiyo a waya, wai wasu mutane a wata ƙasa sun haɗa injin da ke ba da wuta har abada, ba mai ba rana. Batir ɗaya yana juya wata ƙafa irin ta keke, ƙafar tana cika batir na biyu, in na farko ya yi sanyi sai a musanya su.

"Malama, me kika gani?"

Ina kallon ƙasa na ce, "Kawu, a littafi an ce ba zai yiwu ba. Abin da ya fita ba ya wuce abin da ya shiga."

"Littafin ya gwada?"

"Waɗanda suka rubuta shi sun gwada."

"To madalla. Bari ni ma na gwada, na shiga sahunsu."

Ya samo ƙafar tsohon keke, ya ɓamɓaro maganaɗisu daga matattun sifikoki ya liƙa a jikinta. Ya naɗe siririyar waya da hannunsa a kan guntun ƙarfe, naɗin da ya ci masa kwanaki, har ta zama kwayil. Ƙafar ta juya kuwa, ta yi kyau, yara suka cika zaure suna kallo. Ni aikina riƙe mitar auna wuta. Kullum da safe mu auna batiran biyu, mu musanya. Kullum in aka haɗa su biyun, sun fi na jiya rauni. Ban taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, shi ma bai taɓa neman na karanta mitar yadda zai ji daɗi ba. Ranar da ƙafar ta tsaya cak, ya zauna yana kallon ta, sannan ya yi dariya.

"Tana juyawa, amma daga tukunyata take ci. Mai bayarwa ba tare da ya karɓa ba Shi kaɗai ne. Mutanen bidiyon nan Allah ya shirye su."

Yana cikin kwance kayan ne wuta ta fizge shi. Ya zare waya daga batir, yatsansa na kan bakin kwayil, sai ga tartsatsi. Ya tsotsi yatsan, ya mayar da wayar, ya sake zarewa, ta sake cizon sa.

"Malama, duba nan. Lokacin da na ba shi wuta bai ce komai ba. Sai da na ƙwace ya ciji mutum."

Na bayyana masa iya abin da aka koya mana: kwayil ba ya son a yanke masa wuta farat ɗaya, in aka yi haka sai ya mayar da martani da bugu mai ƙarfi ƙwarai, amma na ɗan ƙiftawar ido.

"Ashe ɗan Adam ne," in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan cizon zai yi wa akuya."

A wajenmu gona tana jikin gona ne, gida yana jikin gida. Babu sauran dajin da za a je a saro ƙaya a yi shinge. Shingen kara kuwa, abin da gara ta rage awaki su ƙarasa. Shekara da shekaru Kawu yana dasa itatuwa a bayan gida, rani yana yi ana cinye su. Don haka ya ture ƙafar keke gefe ya fuskanci wannan.

Abin da ya haɗa ba shi da yawa. Ƙaramin farantin sola a kan rufin ɗaki yana cika batir. Kwayil ɗin babur, irin wanda ke ba fulogi wuta, shi ke yin bugun. Abin da ya ba shi wahala shi ne mai ba da wutar yana yankewa, yana bayarwa yana yankewa, ba tare da mutum ya tsaya a kai ba. Ya gwada abubuwa da dama suna ƙonewa. Rannan yana cikin motar haya zuwa birni, direba ya sa sigina, ya ji tana ƙas, ƙas. Ya dawo gida da ɗan akwatin nan da ke sa fitilar sigina ƙiftawa, na wata motar da ta mutu. Shi ne sautin da baƙi suka riƙa ji. Ya zuba kayan duka a cikin tsohon akwatin rediyo ya rataye a inuwar katanga. Ya kafa turaku, ya zura musu guntayen tiyo don kada wayar ta taɓa itace, ya ja layi biyu, ɗaya daidai hancin akuya, ɗaya daidai ƙirjinta. Sannan ya buga dogon ƙarfe cikin ƙasa a gindin katangar ya haɗa shi da akwatin, don sai wutar ta bi ta jikin dabba ta shiga ƙasa ta komo gida kafin a ji ta.

Sau ɗaya na ga fushinsa na gaske, kuma a kan wannan aiki ne. Wani matashi mai janareta ya zo kallo, ya ce ai wannan wahala ce, a jona wayar da janareta kawai, akuyar da ta taɓa ba za ta sake ba. Kawu ya miƙe tsaye, muryarsa har maƙwabta.

"Ba za ta sake ba don ta mutu! Kai kisa kake nufi ko kora? Wutar da ke riƙe mutum makashiya ce. Tawa bugu take ta saki. Tsakanin bugu da bugu akwai rahama, a nan akuya ke ja da baya, a nan ɗan wani ke janye hannunsa. In na ji ka ja irin wannan waya a garin nan, ni zan fara kai ƙararka."

Matashin ya tafi ba sallama. Bayan kwana biyu Kawu ya bi shi har gida ya gyara masa janaretan, wanda dama yana ta tari.

Sai rigimarsa da taubashinsa. Ɗan gwaggonsa ne, katangarsu ɗaya, tare suka tashi, kuma tun suna yara ba a taɓa jin ɗaya ya kira ɗaya da sunan kirki ba. Mu muna ce masa Baba Mai Awaki, don ya fi kowa yawansu a unguwar. Awakinsa ne suka fi cin itatuwan Kawu, kuma duk shekara in Kawu ya yi ƙorafi sai ya ce, "Zakka ce ake fitar maka, tunda kai ba ka da niyya."

Ranar da aka saki dabbobi a shekarar farko, bunsurun Baba ne ya ja gaba. Ya nufi zogale kai tsaye kamar gonar ubansa. Hancinsa na taɓa wayar ya yi tsalle da ƙafa huɗu, ya juya, bai tsaya ba sai cikin gidan ubangijinsa. Ba a jima ba Baba ya fito, hula a karkace.

"Kai, mai kunnen rediyo! Me ka yi wa bunsuruna?"

"Karatu na sa shi. Kai ka ƙi yi, na ce bari a gwada na gidanka."

"Dabbar Allah za ka sa wa wuta? In akuyata mai ciki ta yi ɓari fa?"

"Ka gaya mata mai ciki ba ta hawa katangar mutane."

Wasa ya so ya zama gaske, don Baba har wurin mai unguwa ya kai magana, kuma ba shi kaɗai ba ne ke da damuwa. Iyaye suna tsoro saboda yara. Aka taru a bakin lambun. Kawu bai yi dogon bayani ba. Ya cire takalmi, ya taka ƙasa, ya ɗora bayan hannunsa a kan wayar. Kafaɗarsa ta zabura, ya janye, ya nuna musu hannun gaba da baya. Ya ce abin da ba zai iya taɓawa da jikinsa ba, ba zai sa wa dabbar maƙwabci ba. Mai unguwa ya yanke cewa wayar za ta zauna, amma da sharaɗi: a ɗaura mata jajayen tsummoki don a gan ta, kuma dole ta kasance da mai ita, mutum zaunanne a garin, wanda zai duba ta kullum, wanda kuma za a kama in wani abu ya faru.

Baba ya ce shi dai bai yarda ba, kuma bai fasa faɗa ba har Kawu ya bar duniya. Amma da yamma in an fito da tuwo ƙofar gida, kwano ɗaya suke sa hannu. Kawu kuma duk ranar da ya yi wa zogale aski ko ya cire ciyawa, sai ya tattara ya watsa wa awakin ta saman waya. Na taɓa tambayar sa dalili. Ya ce, "Shiga na hana su, ban hana su ci ba."

Rani biyu lambun ya yi kore a tsakiyar fari. Mangwaron suka kama. Rani na uku ne bai gani ba.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha baƙi sun fara watsewa, Yaya ya ɗauko filaya. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ya ce mai unguwa ya tuna masa sharaɗin, shi kuma ba mazauni ba ne, ba zai ɗauki alhakin abin da ba ya gani ba. Na bi shi bayan gida. Sai na tsinko ɗanyen ganyen ciyawa na ɗora a kan wayar, yadda ake gwada ta ba tare da an sha bugu sosai ba. Da ƙyar na ji motsi. Akwatin yana ƙas ɗinsa, batir a cike, amma bugun ya yi sanyi, bai kai ko na ranar da ya sami gwaggo ba.

"Kin gani ko," in ji Yaya. "Ita ma ta bi mai ita."

Tagar ɗakin Inna tana kallon lambun. Daga ciki muka ji muryarta.

"Ba mutuwa ta yi ba, ƙishirwa take ji. Ku dubi gindin ƙarfen. Tun da ya kwanta ciwo babu wanda ya yi alwala a wurin."

Na duba. Ƙasar da ke kewaye da ƙarfen ta bushe har ta tsage, ga wani faffaɗan dutse a gefe da ya yi sulɓi saboda zama. Busasshiyar ƙasa ba ta mayar da wuta, wannan na sani. Abin da ban lura da shi ba, don ni hutu kawai nake zuwa, shi ne yadda Kawu ke shayar da ita. Bai taɓa ɗaukar guga don wannan ba. Wurin alwalarsa kawai ya mayar can. Na ɗebo ruwa a rijiya na zuba, muka jira ya tsuma. Da na sake ɗora ganyen sai da na yar da shi.

Amma wannan bai warware komai ba. Jibi zan koma makaranta, Yaya gobe zai koma bakin motarsa, Inna ba ta fita, kuma an ce ranar Juma'a mai zuwa za a yi shela. Yaya ya juya filayar a hannunsa, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Waya sai da mai ita."

"Wa ya ce ba ta da mai ita?"

Baba Mai Awaki ne, a tsaye a ƙarshen katanga, da buta a hannu. Kwana ukun nan yana zaune a ƙofar gida bai ce uffan ba, mutumin da ba a taɓa sanin bakinsa da hutu ba. Ko gaisuwar da ake masa da kai yake amsawa. Ya tako a hankali, ya dubi Yaya.

"Mayar da filayar nan aljihu, ɗan nan. Je ka gaya wa mai unguwa in wayar ta yi laifi ni za a kama."

"Baba, ai kai ne ka kai ƙararta."

"Na kai. Gobe ma in ta ɓata min rai zan kai. Awakina ne ke shan dukan, ni ya kamata sandar ta zauna a hannuna." Ya juyo wajena. "Ke, Malamar tasa. Nuna min inda ake kashewa da inda ake kunnawa. Kada ki yi min Turanci."

Na nuna masa makunnin. Na nuna masa yadda ake share ƙura daga farantin sola, da yadda ake cire ciyawar da ta taɓa waya. Ya sa na maimaita, ya yi da hannunsa ina kallo. Ana haka aka kira azahar. Ya zauna a kan dutsen, ya naɗe hannun riga, ya fara alwala, ruwan yana gangarawa gindin ƙarfen. Da ya zo wanke fuska ya daɗe, ya fi yadda ake daɗewa. Ni da Yaya muka juya muna kallon rogo.

An saki dabbobi ranar Juma'a ina makaranta. Sai da aka yi nisa da rani na sake zuwa gida. Na tarar da Inna tana tsinke zogale a tsakar gida, yara ne ke yanko mata. Na zagaya baya. Mangwaron suna nan, sun yi sabon toho ja. Gindin ƙarfen a jiƙe yake. Baba yana zaune a kan dutsen da butarsa, rana tana dukan sa, don wurin ba shi da inuwa da tsakar rana. Awakinsa suna tsaye nesa kaɗan suna kallon sa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya ji wai ina rubuta labarin taubashinsa.

"Eh, Baba."

"To ki rubuta cewa mutum ne mai taurin kai, kuma tuwo ya fi ni ci." Ya ɗauraye ƙafa, ya girgiza butar ya juye sauran ruwan a gindin ƙarfen. "Kuma kada ki kuskura ki rubuta cewa na yarda da abin nan. Alwala kawai nake yi."

Na rubuta yadda ya ce.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Ka yafe masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya itatuwan da ya dasa su zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Inna haƙuri, Ka ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.